Muryar da ke Cikin Kaset

A ƙauyukanmu na arewacin lardin Groningen, in watan Nuwamba ya yi nisa, ƙarfe huɗu da rabi rana ta gama tattara kayanta. Ranar Lahadin da abin ya fara ma haka aka yi. Aukje ta kunna fitilar falo, ta bar labule a buɗe kamar yadda kowa ke yi a layin, ta ɗora dankali a wuta, sannan ta zo ta zauna don a nuna mata hotunan tafiya. 'Yarta Renske da mijinta Wiebe kwanansu tara da dawowa daga yawon cin amarci a ƙasar Suriname mai zafi da dazuzzuka, can hayin teku, kuma a saman benenta suke zaune, don gidan da aka yi musu alkawari a birni har yanzu alkawari ne.

Wiebe malamin makaranta ne, mai sanyin hali, ba ya sha, ba ya faɗa, amma Allah ya jarabce shi da tsuntsaye. Wanda bai zauna da irin waɗannan mutane ba ba zai gane ba. Sai su yi tafiyar awa uku a keke cikin ruwan sama don su ga wani ɗan abu mai fiffike na daƙiƙa biyu, su rubuta sunansa a littafi, su dawo gida suna washe baki kamar an yi musu haihuwa. Renske ta san da haka ta aure shi. Ita ce ma ta zaɓi Suriname, ta ce in dai dole ne ta raba miji da tsuntsaye, gara a yi rabon a inda ake zufa.

Aka ga jajayen birai masu ruri a kan bishiya, aka ga kada ya shanya baki a bakin kogi, aka ga aku kala-kala, da wata dabba mai nawa da ta rataye a reshe tun safe ba ta motsa ba. Aukje ta gyara tabarau ta tambaya ina amaryar take a hotunan. Renske ta ce ai ita ce mai riƙe da jaka, shi ya sa. Suka yi dariya su uku.

Daga nan Wiebe ya ce saura abu guda, wanda ya fi duk hotunan. Ya ɗauko wayarsa ya ajiye a kan tebur, ya danna. Wani fito ya cika falon, siriri, mai rawa, yana hawa a hankali sau uku sannan ya sauko ya mutu. Aukje ta ce abin kamar mai makoki. Wiebe ya buɗe baki zai yi mata bayani ke nan, sai aka amsa daga lambun bayan gida.

Fito ne irin wancan, sai dai ya fi shi kauri, ya fi shi nauyi. Sau ɗaya aka yi. Aukje ta ce iska ce a cikin bututun ruwan rufi, ta tashi ta duba dankali. Renske ta zuba wa ƙofar lambu ido, kanta a karkace gefe guda. Shi kuwa Wiebe ya san wannan amsar, ya taɓa jin ta sau ɗaya a wurin da ke da nisan tafiyar awa tara a jirgin sama.

Ga yadda aka yi. Akwai wani tsuntsu mai kunya da ke yawo a ƙasa cikin dajin can, ana jin kukansa da magariba amma ganinsa sai mai rabo. Masu bin tsuntsaye suna da dabara: a kunna wa tsuntsu kukan ɗan'uwansa, ya zaci baƙo ne ko mata, ya fito da kansa. Wani tsoho a ƙungiyar su Wiebe, mai suna Harm, ya mutu ya bar masa kwalin kaset-kaset, kuma a cikinsu akwai guda na kukan wannan tsuntsun da ya naɗa shekara arba'in da suka wuce, ya rubuta sunan rafin da ya ji shi a jiki. Wiebe ya juye kukan a waya, ya sa aka kai su wannan rafin takanas. Da mai kwale-kwalen da ya kai su ya ga yana ɗaga waya sama, ya dafa masa hannu ya ce a nan ba a kira, in an ji a yi shiru a wuce. Wiebe ya ɗauka dokar masu kare daji ce, irin wadda ake gyaɗa wa kai. Ya bari mutumin ya sauka ɗaure igiya, ya danna. Aka amsa masa kusa ƙwarai, ganyaye suka motsa, wani abu launin ƙasa ya tsaya a gindin bishiya yana dubansa. A daren ya rubuta sunan tsuntsun a littafinsa, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Washegari Litinin, da rana ta faɗi, aka fara jifa. Tsakuwa ce ke sauka a kan rufi ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ta gangaro ta faɗo gaban ƙofa. Aukje ta fita da tsintsiya a hannu tana neman 'ya'yan maƙwabta, ba ta ga ko kyanwa ba. Wiebe ya tsinci guda. Ja ce, jiƙe take, kuma da ɗuminta kamar yanzu aka ciro ta daga ruwan da rana ta dafa. Ƙasarmu laka ce zalla, ko dutsen da za ka jefi kare da shi babu. Ya sa tsakuwar a aljihu bai nuna wa kowa ba, kuma ƙarfe shida na cika jifan ya tsaya.

Haka aka ci gaba kullum, daga faɗuwar rana zuwa lokacin cin abinci. Gidan kuma ya fara zafi. Aukje ta kashe na'urar ɗumama ɗaki gaba ɗaya, amma tagogi na zufa, bango na tsattsafo, warin ruɓaɓɓen ganye ya kama labule da katifu. Wasu manyan tururuwa suka ja layi daga ƙofar lambu zuwa matakala, kowace ɗauke da guntun koren ganye, alhali a waje ko ciyawa ta daskare.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya sami Renske. Ita da bakinta ba ya hutawa, mai ba wa mijinta amsa tun bai gama tambaya ba, sai ta koma shiru. Ta daina zuwa aiki. Ta daina cin dafaffen abinci, sai 'ya'yan itace, su ma a tsugune a ƙarƙashin tebur. Da safe takan dawo hayyacinta kaɗan, ta ce kanta na ciwo, ta tambayi ranar wace ce. Amma da zarar haske ya fara ja baya sai ta miƙe, ta buɗe ƙofar lambu ba takalmi, ta nufi babbar magudanar ruwan da ke bayan shinge. Ran Laraba a tsakiyar lambu ta tsaya. Ran Alhamis ta kai shinge. Ran Juma'a Wiebe ya dawo makaranta ya tarar da ita a bakin ruwan, yatsun ƙafarta a cikin ƙanƙara, ya rungumo ta ya jawo, ya ji ƙarfinta ya fi na maza biyu.

Sun je wurin likita. Ya auna, ya duba ido, ya ce gajiyar tafiya ce da canjin yanayi, ta sha maganin ciwon kai, in ba sauƙi su dawo bayan sati biyu. Mu nan ko ƙafarka ce ta cire abin da za a fara ce maka ke nan. Wiebe ya lissafa tazarar da ke tsakanin bakin ruwa da tsakiyarsa, ya san ba su da sati biyu. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba, ga kunya a kai, don shi kaɗai ya san abin da ya yi.

Ran Asabar da safe ya zaunar da Aukje a kicin ya gaya mata komai, ya zube jajayen tsakuwoyi shida a gabanta. Ya zaci za ta yi masa dariya, don mace ce da rabonta da coci tun jana'izar mijinta. Ba ta yi ba. Ta dube shi ta ce, "An ce maka kar ka yi, ka yi. Kai da kake hana yara magana a aji." Sannan ta ɗauki waya. Lokacin da take aikin jinya gida-gida a garin Hoogezand ta yi shekara biyu tana kula da matar wani dattijo Musulmi, ɗan Suriname mai asalin tsibirin Java, ana ce masa Pak Sarmin. Ta sha ganin mutane na sallama a ƙofarsa da marasa lafiyar da asibiti ya sallama, ba ta taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa yi mata bayani ba.

Motar haya ta ƙarfe uku ta kawo shi. Ɗan ƙaramin tsoho ne cikin kwat mai kauri da baƙar hula, ya yi shekara talatin yana walda a wurin ƙera jiragen ruwa, karatu kuwa tun yana yaro ya yi shi a gaban kakansa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya shaƙi iskar gidan, ya yi ɗan murmushi marar daɗi ya ce rabonsa da wannan warin tun yana saurayi. Ya karɓi kofi, ya saurari Wiebe har ƙarshe bai katse shi ba. Abu ɗaya ya tambaya, ko kaset ɗin na nan. Wiebe ya hau sama ya ɗauko.

Tsohon ya sa aka kulle ƙofar lambu, aka ja labule, abin da ya sa maƙwabta suka san lallai akwai magana a gidan. Ya nemi kwano da ruwa. Ya gargaɗi Wiebe da kakkausar murya cewa duk abin da zai ji, kar ya amsa, kar ya yarda da komai, kar ya musa komai, magana tsakanin tsohon ne da baƙon. Da rana ta faɗi ya shimfiɗa ɗan mayafi a kusurwa ya yi sallarsa, tsakuwa na sauka a rufi. Ya sallame, ya zauna a ƙasa daura da teburin da Renske ke tsugune ƙarƙashinsa, ya fara karatu a hankali, yana tofawa a ruwan.

An daɗe ba abin da ya faru. Zafi dai na ƙaruwa, har gumi na ɗiga daga haɓar Aukje. Can jifan ya tsaya cak, tun shida ba ta yi ba. Renske ta rarrafo ta fito, ta zauna ta tanƙwashe ƙafa irin zaman da ba ta taɓa yi ba, ta buɗe baki, muryar wani tsohon namiji ta fito, mai kauri, a gajiye.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni, kuma ba da kai nake ba."

Pak Sarmin ya yi masa sallama, ya tambaye shi ko shi wane ne, kuma me ya rabo shi da dajinsa zuwa ƙasar sanyi. Baƙon ya ƙi faɗin suna. Ya ce shi mazaunin rafin ne tun kafin a sa wa rafin suna, shi da matarsa, kuma da magariba sukan ari jikin tsuntsu su yi yawo, tana kira yana amsawa. Shekarun baya masu haƙar zinariya suka zuba guba a ruwan, ta sha, ta mutu a hannunsa. Tun daga ranar bai ƙara buɗe baki ba, mutanen kogi kuma sun san da haka, suna wucewa shiru don girmamawa.

"Sai ga wannan," in ji muryar, idanun Renske suka juyo kan Wiebe. "Ya zo ya kira ni da bakinta. Ba mai kama da ita ba, ita. Na fito da gudu kamar yaro. Na biyo shi kan ruwa, na biyo shi cikin iska, na zo nan ƙasar da rana ke jin kunyar fitowa. Ya ɓoye min mata a cikin akwati. To ni ma na riƙe tasa. Ya buɗe ya sako min tawa, ko in tafi da wannan ta hanyar ruwa."

Aukje ta toshe bakinta da hannu. Pak Sarmin ya ɗauki kaset ɗin ya ajiye a tsakaninsu, ya yi masa bayani a tsanake, yadda ake yi wa wanda za a gaya wa mutuwa. Ya ce babu kowa a ciki. Wani mutum ne ya zo rafin shekara arba'in da suka wuce, ya ji tana kira, ya kama sautin ya adana, kamar yadda sawu ke zama a laka bayan mai ƙafar ya wuce. Ya ce matar baƙon tana inda Allah ya kai ta, ba mai iya sako ta, ba Wiebe ba, ba shi ba.

Hannun Renske ya miƙo ya shafa kaset ɗin. Sai wani kuka ya fito daga ƙirjinta, ba na mutum ba, ba na tsuntsu ba, kofunan da ke kan kantar kicin suka yi ta kaɗawa. Wiebe ya sunkuyar da kai. Da a ce abin zagi ya yi ko barazana, da ya fi masa sauƙi.

Da kukan ya lafa, muryar ta tambayi abin da ya sa aka yi masa haka. Ko yunwa ce ta sa, ko magani ake nema da shi. Baƙon ya ce ba sai an faɗa ba, ya gani a cikin kan matar: don a rubuta suna a littafi ne, a ja layi biyu.

Daga nan aka shiga ciniki. Tsohon ya ce yarinyar ba ta kira kowa ba, jaka kawai ta riƙe, kuma zalunci haramun ne a kan mutum da aljan. Ya ce a ba wa baƙon kaset ɗin, a goge na waya, a ƙona littafin, ya koma gida. Baƙon ya ce zai karɓi kaset, amma bai isa ba. Ya ce to ya fasa tafiya da ita, zai bar ta da ranta, sai dai zai tafi da muryarta, ta zauna bebiya har ta mutu. Pak Sarmin ya ce ko kusa, ya jawo kwanon ruwan gabansa, ya koma karatu da ƙarfi. Jikin Renske ya fara karkarwa, bayanta ya lanƙwashe, wani siririn jini ya gangaro daga hancinta. Tsohon bai tsaya ba. Ya san aikinsa, ya san abin ya kusa karaya, saura kaɗan ya fita ba tare da ya ɗauki komai ba.

Wiebe bai san wannan ba. Jinin kawai ya gani, da wuyan matarsa da ya sandare. Kuma shi ɗan ƙasar nan ne, an tarbiyyantar da shi a kan cewa wanda ya ɓata shi ke gyarawa, ba a barin wani ya ɗauki hukuncin laifinka.

"Ni na yi," ya ce. "Ka ƙyale ta. Duk abin da za ka ɗauka, ka ɗauka a jikina."

"Rufe bakinka, ɗana!" in ji Pak Sarmin.

Amma an riga an ji. Karkarwar ta tsaya. Fuskar Renske ta juyo a hankali, muryar ta yi laushi kamar ta mai lallashi.

"Madalla. Ta riƙe muryarta. Ta yi magana, ta yi waƙa, duniya duk ta ji. Kai kaɗai ne ba za ka ji ba. Ka yarda?"

Tsohon ya riƙo hannun rigarsa yana girgiza kai. Wiebe ya dubi jinin da ya kai leɓen matarsa, ya ce ya yarda.

Pak Sarmin ya rufe ido na ɗan lokaci. Da ya buɗe, ya yi abin da ya rage masa: ya sa baƙon ya rantse da Wanda ya halicce shi cewa ba zai dawo ba, ba zai taɓa matar ba, ko uwarta, ko 'ya'yan da za ta haifa. Ya nemi a sa wa'adi, shekara ɗaya, shekara bakwai, ko goma. Baƙon ya ce shi ma da ya rasa tasa matar, ba a sa masa wa'adi ba. Tsohon ya buɗe ƙofar lambu da kansa, ya ɗauki kaset ɗin ya taka har bakin magudana ya jefa. Iska mai sanyi ta shigo falon a karo na farko cikin kwana shida, Renske ta sulale ƙasa.

Aukje ta ɗora kan 'yarta a cinya tana goge mata hanci da gefen riga. Pak Sarmin ya dawo ya shafa mata sauran ruwan a fuska, ya zauna a kujera kamar wanda ya yi dako, bai dubi Wiebe ba. Shi kuwa Wiebe ya durƙusa a gefe yana kasa kunne, yana gaya wa kansa wataƙila barazana ce kawai. Yana jin agogon bango. Yana jin firiji na gurnani a kicin, da ƙarar keken wani da ke wucewa a titi, da numfashin tsohon.

Renske ta buɗe ido. Nata ne, babu shakka, har da ɗan yamutsa goshin da take yi in ta tashi barci. Ta dubi uwarta, ta dubi baƙon tsohon da ke falonsu, sannan ta sami mijinta. Ta yi murmushi, leɓunanta suka motsa. Aukje ta fashe da kuka da dariya a haɗe, ta ce, "Akwai, 'yata, akwai miya, yanzu zan ɗumama." Renske ba ta ɗauke ido daga kan Wiebe ba. Leɓunan suka sake motsawa, gajeren abu, ta jira. Suka sake. Murmushin ya fara ja baya, ta ɗaga hannu ta taɓa kumatunsa, ta sake faɗa, yana ganin jijiyar wuyanta na tashi.

Wiebe ya juya ga surukarsa, ya tambaye ta a hankali me Renske take cewa.

Aukje ta daina dariya. Ta dubi Pak Sarmin, ta dubi 'yarta, sannan ta ce, "Sunanka take kira, Wiebe. Ka amsa mata."